Gyaran Hoto a Ƙasar Kabi: Abin da Ake Gyarawa da Abin da Ake Bari

A watan Maris na 2020 aka dawo da bikin kamun kifi na Argungu, bayan an yi kimanin shekara goma ba a yi shi ba. Kogin Matan Fada yana nan inda yake. Masunta sun zo da homa da gora kamar yadda iyayensu suka saba zuwa, makaɗa suna cikin kwalekwale, kifin da ya ci gasar kuwa ya kai kilo 78. Abin da ya canza a bakin gaɓa yake. Kusan duk matashin da ya samu wurin tsayawa, hannunsa yana sama riƙe da waya. Kafin a gama auna kifi hotuna sun riga sun kai Legas da Yamai da Jidda, kuma ba yadda aka ɗauke su suka kai ba. An ƙara musu haske, an yanke gefe, an ɗora rubutu da tambari. A shekarun da kogin ya huta, wata sha'awa ta shigo ƙasar Kabi ta samu wurin zama, wato gyaran hoto da haɗa zane a na'ura.

Ina cikin waɗanda wannan sha'awa ta kama tun kafin ta sauko cikin waya, tun tana neman kwamfutar tebur da janareto. Ba sana'ata ba ce, ban taɓa cin abinci da ita ba. Abu ne da nake zama a kansa bayan sallar isha'i saboda yana faranta mini rai, kuma har yau yana yi. Shi ya sa idan na faɗi abin da ke damuna game da ita, ba maganar ɗan kallo nake yi ba.

Duk mai ganin kwamfuta ce ta kawo gyaran hoto, bai san situdiyon da ba. Ranar Sallah a Birnin Kebbi, samari da 'yan mata layi suke yi a ƙofar mai hoto. A ciki akwai labulen da aka zana wa bene ko lambu ko jirgin sama, ga furen roba a kan ɗan teburi, ga tarhon da ba a jona shi da komai ba. Wanda ba shi da agogo sai ya ari na abokinsa, ya ɗaga hannun riga don a gani. Mai hoton da ya ƙware yana da fensir mai tsini da yake bin nagatif da shi yana ɓatar da ƙuraje, wasu kuma suna shafa launi da ɗan buroshi a kan hoton baƙi da fari, hula ta koma ja, gyale ya koma kore. Haka abin yake a duk Afirka ta Yamma. A Bamako, a shekarun 1950, Seydou Keïta yana ajiye rediyo da agogo da babur, har da mota, don masu zuwa ɗaukar hoto su tsaya kusa da su, kuma yau hotunansa suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Mutum ba ya zuwa gaban kyamara don a nuna shi yadda ya farka daga barci. Yana zuwa ne don a nuna shi yadda yake so a tuna da shi, kuma ni ban ga laifi a nan ba. Amma gyaran wancan zamani yana da iyaka. Kowa ya san labule labule ne, fuskar da ke gabansa kuwa ta mai ita ce.

Da hoto mai launi ya zo, sai ya zo da jira. A cika fim, a ba direba ya kai Sakkwato a wanke, a yi kwanaki ana dako, wani lokaci a buɗe ambulan a tarar rabi sun ƙone. Wanda ya fito da kyau sai ya shiga albam, albam kuma ya zauna a ɗakin amarya. Baƙo ya zo, a kawo masa ruwa, a miƙa masa albam.

Shi ma tsara zane ba baƙonmu ba ne. Mai zayyana da ke ƙawata allon ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani ya san yadda ake raba fili, da inda ja zai zauna da inda za a bar wa rubutu wuri ya sha iska. Mai ɗinkin aska takwas a ƙirjin babbar riga ya sani, maginin da ke fitar da dagi a fuskar soro ya sani. Haka masu fenti da ke rubuta allunan shaguna da jikin manyan motoci. Idon yana nan tun kaka da kakanni, kayan aiki ne suka canza hannu.

Kayan aikin sun fara isowa ne bayan 27 ga Agustan 1991, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire jihar Kebbi daga tsohuwar jihar Sakkwato, Birnin Kebbi ya zama babban birnin jiha. Ma'aikata suka kwaso iyalansu suka dawo, ma'aikatu suka buɗe, aka shiga neman takarda mai kan ofis da katin gayyata da shirin taro. Sannu a hankali shagunan buga takardu suka ajiye tafireta suka ɗauki kwamfuta. Manhajoji biyu ne suka mallaki waɗannan shaguna. CorelDRAW ta fito daga Kanada a 1989, ita ce ta rubutu da tambari da kati. Photoshop, wadda wa da ƙane Thomas da John Knoll suka ƙirƙira, kamfanin Adobe ya fitar da ita a 1990, ita ce ta hoto. Mu sai da suka haura shekara goma a duniya kafin mu saba da su, a kan faifan CD da ake kwafa hannu zuwa hannu. Photoshop 7 da ta fito a 2002 ta daɗe tana aiki a kwamfutocinmu bayan masu ita sun wuce wurin da nisa.

Ba makaranta muka shiga ba. Tsayawa ake yi a bayan mai shago ana kallon inda yake kai linzami. In ya tashi sallah ko cin abinci, ka roƙe shi ya bar ka ka taɓa. Ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da suka ɗan san kwamfuta su ne malamanmu, ladansu kuwa godiya da kwalbar lemo. Abin da ya fi ɗaure mana kai da farko shi ne yadda ake jera aiki hawa-hawa: hoton mutum a shimfiɗarsa, bayansa a tasa, rubutu a tasa, ta yadda za ka matsar da ɗaya ba tare da ka taɓa sauran ba. Ranar da mutum ya fahimci wannan, ranar ya shiga gari. Daga nan sai yankan hoto, wanda shi ne gwajin haƙuri. Ka ƙara girman hoton har fuska ta cika allo, ka bi gefen kunne da kafaɗa da bakin gyale ɗigo bayan ɗigo. Hula mai sauƙi ce. Gashin goshin yaro da leshi mai huji-huji su ne ke kai mutum tsakar dare. Kana gab da gamawa sai a ɗauke wuta, in ba ka adana ba ka koma farko.

Me muka fara yi da wannan ilimi? Mun ajiye kanmu a gaban Ka'aba alhali ko Zariya ba mu taɓa zuwa ba. Mun tsaya kafaɗa da kafaɗa da Ali Nuhu da Shah Rukh Khan. Mun jingina da motocin da ba mu san sunansu ba. Labulen situdiyo ne ya dawo a wata siga, kuma ba wanda ya ruɗu, domin haske yana bugun mutum daga dama yana bugun motar daga hagu, ƙafafu kuma suna lilo ba su taɓa ƙasa ba. Bayan wannan wasa sai aiki na gaske ya biyo baya: kalandar biki da ango da amarya a cikin zuciya, sitika, katin suna, katin walimar sauka.

A nan muka koyi abubuwan da har yau masu tasowa ke tuntuɓe da su. Allon kwamfuta da hasken ja da kore da shuɗi yake haɗa launi, injin bugu kuwa da tawada huɗu, shi ya sa koren da ke ƙyalli a allo yake fitowa a dushe a takarda. Hoton da za a buga yana son ɗigo 300 a kowane inci, wanda aka sauke daga Facebook ko aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto kuwa an riga an matse shi, in aka buɗa shi a bana sai fuska ta farfashe. Sai kuma matsalar da ta fi kowacce ci mini rai, wato haruffanmu masu lanƙwasa. Mafi yawan salon haruffan da ke da kyau ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Wasu suka haƙura suka riƙa rubuta b da d da k, wasu suna ɗora waƙafi a sama. Masu kishi suna mayar da harafi zane a CorelDRAW su ja masa ƙugiya da hannu, ɗaya bayan ɗaya. Yau madannin waya yana da waɗannan haruffa, amma ka zaɓi salon rubutu mai ado ka gani, sau da yawa akwatin banza zai fito maka a gurbinsu. Matashin da zai zauna ya zana mana salon haruffan Hausa cikakke, na boko da na ajami, zai yi wa harshen nan hidimar da ta fi fosta dubu.

Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, amma sai da wayoyin Android masu araha irin su Tecno da Infinix da itel suka cika kasuwa sannan abin ya juya. A 2013 Adobe ya koma tsarin biyan kuɗin wata-wata, abin da ya fi ƙarfin mai yi don sha'awa. GIMP kyauta ce tun tsakiyar shekarun 1990, sai dai ba ta samu karɓuwa sosai a wurinmu ba. Waɗanda suka ci kasuwar su ne na cikin waya: PicsArt da Snapseed da PixelLab, sai Canva da aka kafa a Ostireliya a 2013. Yankan da yake cin dare guda ya koma taɓawa ɗaya. Yaron da ke Kamba ko Bunza ko Gulma, wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, yana haɗa katin Barka da Juma'a da ya fi abin da muke yi a 2005 tsafta.

Alherin da ke cikin wannan ba ƙarami ba ne, kuma ba na son a ji kamar ina raina shi. Na farko, ya buɗe wa mata ƙofa. A da, yarinya ba za ta je ta tsaya a bayan mai shago cikin maza tana koyon aiki ba. Waya ta kai mata makarantar har tsakar ɗaki. Matar aure da ke sayar da atamfa ko turaren wuta ko cincin ita ke ɗaukar hoton kayanta, ta share bayansa, ta sa farashi da tambarinta, ta ɗora a WhatsApp kafin ta ɗora tukunya. Na biyu, sha'awa ta zama abin yi ga wasu. Tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa lamuni a Kebbi a watan Nuwamban 2015, shinkafar Lake Rice ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi ta fito a ƙarshen 2016, kamfanin WACOT ya buɗe injinsa a Argungu a 2017, sai ƙananan masu casa su ma suka ga cewa buhu yana son suna da alama. Wa zai zana? Yaran nan ne da suka fara da katin Juma'a. Lokacin zaɓe kuwa ba a magana.

Akwai waɗanda abin ya taka. Situdiyo da yawa sun koma dogaro da hoton fasfo. Kodak kansa, wanda injiniyansa Steven Sasson ya ƙera kyamarar dijital ta farko a 1975, ya nemi kariyar kotu daga masu bin sa bashi a watan Janairun 2012, balle mai hoton unguwa. Masu fenti sun ga banar roba ta kwashe musu aiki. Kuma da yake kowa daga rumbu ɗaya yake ɗibar samfuri, sai katunan suka koma kama ɗaya: zinariya a kan baƙi, fitilar azumi irin ta Masar, furannin da ba sa tsirowa a fadamarmu. Da wuya ka ga wanda ya waiwayi zayyana ko dagi ko zanen ƙwarya ya ɗebo wani abu. Wannan rashi ne, amma mai gyaruwa ne.

Wanda ya fi tsaya mini a rai daban ne. Muna da hoton kakanmu guda ɗaya tak, baƙi da fari, ya sha lanƙwasa, damina ta taɓa gefensa. Ɗan yayata, yaro mai hannu da son zumunci, ya ɗauke shi da waya ya saka a ɗaya daga cikin manhajojin nan masu aiki da ƙirƙirarriyar basira, waɗanda ake cewa suna farfaɗo da tsohon hoto. Cikin daƙiƙu hoto ya fito fes, har da launi. Ya buga shi babba ya sa a firem, ya kai wa gwaggonmu a Argungu, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan marigayin. Ta karɓa ta daɗe tana dubawa.

"Maigida," ta ce masa, kamar yadda kakanni ke kiran jikoki, "wanga ba shi na ba. Ina tsagatai?"

"Kaka, gyara shi na yi don ya fito sosai."

Ta miƙa masa firem ɗin, ta ce ya kawo mata tsohon.

Kakanmu Bakabe ne, da tsagar Kabawa jere a kumatunsa biyu. A tsohon hoton, duk da dushewarsa, ana ganinta. A sabon babu ko ɗaya. Kumatu sumul, hanci ya ɗan miƙe, fata ta yi haske, idanu sun zama na wani mutum da ba mu sani ba. Yaron bai yi da gangan ba, manhajar ma ba mugunta ta yi ba. Yadda take aiki ke nan. Ba ta dawo da abin da ya ɓace daga hoto, domin abin da ya ɓace ya ɓace. Hasashe take yi. An horar da ita da ɗimbin fuskoki, ta koyi yadda fuska ta saba kasancewa, sai ta cike gurbi da abin da ta saba gani. Fuskokin da ta koya da su ba na Argungu ba ne. Da ta ga layuka a kumatu sai ta ɗauke su karcewar takarda, ta share.

Wannan ba sabon ciwo ba ne a tarihin hoto. Tun shekarun 1950 masu wanke fim suna daidaita launin injinsu da wani kati na Kodak mai ɗauke da hoton Baturiya, wanda ake kira katin Shirley, sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Shi ya sa a tsofaffin hotuna masu launi baƙin mutum yakan fito duhu, ba a ganin komai sai ido da haƙori. Kamfanin da ke yin Tecno ya gane wannan, ya daidaita kyamarorinsa da baƙar fata, kuma yana cikin abin da ya sa ya samu kasuwa a Afirka. Ma'ana, kowace na'ura tana da fuskar da aka auna ta da ita. In ba taka ba ce, kai za ka sa ido.

Ba ina kiran a koma yi wa yara tsaga ba. Al'adar tana ƙarewa da kanta, dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ma ta hana. To amma wannan shi ne dalilin da ya sa share ta daga hoto ya zama babban abu. Nan da shekaru kaɗan, ba za a ga tsagar Kabawa ko ta Zabarmawa ko ta Dakarkari a fuskar mai rai ba sai jefi-jefi. Hoto ne kaɗai wurin da za ta rage. Jikan da zai so sanin yadda mutanen Kabi suke, hoton zai duba. In mun bi hotunan iyayenmu ɗaya bayan ɗaya mun goge da sunan gyara, mun bar masa fuskokin da ba a taɓa haifa ba.

Abin da ake yi wa matattu a rashin sani, masu rai suna yi wa kansu da sani. Ka karɓi kalandar biki ka dubi amarya, ka je ɗaurin aure da walima, ka kasa haɗa ta da hotonta. An ja hasken fata har ta koma wata, an kankare hanci, an goge duk wata alama. Ƙurjin da ya fito jiya zai tafi gobe, cire shi ba komai ba ne. Launin da Allah ya halicci mutum da shi ba ƙurji ba ne. Yarinyar da ta saba ganin kanta fara a waya, wata rana madubi zai zama abokin gabarta, daga nan kuma hanyar shagon man bilicin ba ta da nisa. Mu masu gyara muna da hannu a wannan, domin sau da yawa ba a ma roƙe mu ba, mu ne muke ja don a ce mun iya.

Kogin ma bai tsira ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Matan Fada ranar gasa ya san launin ruwan idan dubban masunta suka afka masa: ruwan ƙasa ne, jajaja, taɓo ya tashi. Sama kuma a irin wannan lokaci na shekara fari-fari take da ƙura. Amma ka duba hotunan da ke yawo. Ruwa shuɗi, sama shuɗiya da gajimare irin na damina, kifi an ja shi ya kusa tsawon wanda ya kama shi. A 2008 an taɓa ƙwace kambun gasar daga wanda aka ba, bayan masana ruwa sun duba kifin sun gano ba a nan aka kama shi da rai ba, shigo da shi aka yi. Masarautar Argungu ba ta ɗauki abin da wasa ba, domin mutuncin bikin yana kan cewa abin da aka nuna shi ne abin da ya faru. Kifi yana da Sarkin Ruwa da mutanensa da za su duba shi. Hoto ba shi da kowa sai wanda ya gyara shi.

Bikin nan ya faro ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta rufe dogon tarihin gaba tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Ɗan jarida a Landan ko ɗalibi a Alƙahira da ke neman hotonsa, intanet zai shiga, abin da yaranmu suka ɗora shi zai ɗauka. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, amma sun faɗi haka ne lokacin da ba a iya taɓa abin da ido ya gani. Ko a ƙasashen da suka ƙera kayan nan an sha rigima a kai. Mujallar National Geographic ta sha suka a 1982 saboda ta matso da dala biyu na Giza kusa da juna don hoton ya shiga bangonta. Faransa ta fara aiki da doka a 2017 cewa hoton talla da aka sauya surar jikin mai tallar dole a rubuta cewa an gyara shi.

Ni a ganina hoto iri biyu ne, kuma mai gyara ya kamata ya san wanne ke hannunsa kafin ya taɓa. Akwai na ado: katin Juma'a, fostar biki, tallar shinkafa, zanen da ka haɗa don jin daɗinka. A nan ka sake hannu, ka sa Argungu a kan wata in ka ga dama, kowa ya san ƙawa ce. Akwai kuma na shaida: fuskar mamaci, taron da aka yi, ambaliyar da ta ci gonakin shinkafa a 2020, kifin da aka auna. A irin wannan, aikinka ka share ƙura, ka daidaita haske, ka ɗinke inda takarda ta yage, ka tsaya. Wanda ya ƙara mutane a taron ɗan takararsa, ko ya ɗauko hoton ambaliyar wata ƙasa ya ce Kebbi ce, ƙarya ya yi, ko da bai buɗe baki ba. Wanda kuwa ya ɗauki kan 'yar mutane ya ɗora a jikin da ba nata ba don ya tozarta ta, ƙazafi ya yi, kuma aure yana mutuwa a kan irin wannan. Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike kafin mu yarda da labari. Yau umarnin ya hau kan hoto kamar yadda ya hau kan magana.

A Argungu akwai gidan da Sarkin Kabi Yakubu Nabame ya gina, wanda ya kasance fadar sarki har 1942, aka buɗe shi a matsayin gidan tarihi na Kanta a 1958. Ana ajiye makamai da tambura da kayan su a can, kuma ba wanda ya taɓa cewa a goge tsatsar takobi a shafa masa fenti don ya burge baƙi. Amma tarihin da ke cikin akwatunan iyayenmu mata, a ƙarƙashin zannuwa, ya fi wanda ke kowane gidan tarihi yawa, kuma gara da laima suna cinsa kowace damina.

Don haka ga roƙona ga 'yan'uwana masu wannan sha'awa, musamman ƙannena da 'ya'yana da suka fi mu hannu. Ku shiga gidajenku ku nemi tsofaffin hotunan nan tun masu sanin mutanen ciki suna raye. Ku ɗauke su da sikana in da hali, in babu ku ɗauka da waya a inuwa mai haske, ba tare da filasha ba. Ku zauna da tsofaffi su faɗa muku wane ne wannan, ɗan wane ne, a wane gari, a zamanin wane sarki, ku rubuta. Ku ajiye na asali daban, kada ku taɓa shi, ku yi gyaranku a kan kwafi. In za ku tura wa dangi, ku tura biyun tare, ku faɗi wanda aka gyara. In kuma manhaja ta share tsaga, ku watsar da abin da ta yi, ku koma ku gyara da hannu ko da zai kai ku tsakar dare.